Idan ka danna Ctrl da Space a LabVIEW amma shiru

An ciro wannan ne daga rikodin laccar da aka gabatar wa ɗaliban injiniya, an ɗan gyara shi don sauƙin karatu.

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ɗalibai, ku ɗan matso gaba, na baya ba za su ga allon ba.

LabVIEW dai kun san shi, manhajar da ake tsara shirye-shiryen kwamfuta da ita. Kamfanin National Instruments na Amurka ne ya fito da shi a 1986, kuma a cikinsa ba rubuta layuka ake yi ba, akwatuna ake ajiyewa a haɗa su da waya. Wahalar ita ce nemo akwatin. Za ka yi ta shiga rumbun ayyuka, ka buɗe wannan ka rufe wancan. Shi ya sa a 2008, a sigar 8.6, aka kawo Quick Drop: ka danna Ctrl da Space, taga ta fito, ka rubuta sunan abin da kake so, ka ɗora shi a kan zane, wato shafin da ake haɗa akwatunan.

To, kullum sai wani ya tare ni ya ce, "Malam, nawa ya ƙi." Ni kuwa tambayata ɗaya ce: wa ya karɓi dannawar taka? Domin kafin ta isa inda ka aike ta, ƙofa uku take bi. Akwai Windows, akwai LabVIEW kansa, sannan ita tagar Quick Drop.

Mu fara daga waje. A kwamfutar da aka sa wa tsarin rubutun Sinanci, Ctrl da Space na Windows ne, da shi ake kunna rubutun da kashe shi. LabVIEW bai ma san ka danna ba. A irin wannan kwamfuta sai ka haɗa da Shift. A Mac kuwa Command da Shift da Space ne. Masu sa kibod na Hausa don samun ƙ da ɗ, ku ma ku lura, maɓallin Windows da Space shi ke sauya harshe, kuma yana dab da Ctrl. Yatsa ya ɗan zame, ka sauya harshe kana jiran taga.

Wani lokaci kuma ba ƙi ya yi ba, nauyi ne. Buɗewar farko sai ya loda dukkan rumbunan, tsohuwar kwamfuta kuwa sai ta yi kamar ta sandare. Ku shiga Tools, sai Options, ku nemi sashen rumbuna, ku ce ya riƙa lodawa tun lokacin tashi. A wannan wurin dai akwai Menu Shortcuts, ku leƙa ko wani ya ba wa wani aiki maɓallan. A kwamfutar ɗakin gwaji da hannu da yawa ke taɓawa, wannan ba abin mamaki ba ne.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Harafi ɗaya, aiki biyu. Idan tagar Quick Drop tana buɗe, Ctrl da R yana cire abin da ka zaɓa ya sake haɗa wayoyin da ke gefensa. Idan ba ta buɗe ba, Ctrl da R ɗin nan tayar da shirin yake yi. Ka ga wanda ya yi gaggawa, ya danna na biyu kafin tagar ta gama fitowa, ga injin a jone da kwamfuta, sai kawai ya ji abu ya fara juyawa a kan tebur. Haka Ctrl da T: a cikin tagar yana gyara wurin zaman sunayen akwatuna, a waje kuma ya jera maka fuskar shiri, wato shafin da mai amfani da shirin ke gani, da zanensa gefe da gefe. Don haka ka zaɓi abin tukuna, ka ga tagar da idonka, sannan ka danna.

Eh, ƙanwata, ina jin ki. Ta ce ta rubuta sunan While Loop, akwatin da ke maimaita aiki, daidai amma bai fito ba. A ina kike tsaye? Idan kina kan fuskar shiri, maɓallai da ma'aunai kaɗai zai nuna miki. While Loop a kan zane yake. Ki danna Ctrl da E ki koma can.

Sai gajerun sunayen da ake rubutawa a tagar, irin su ws a madadin While Loop ko cs a madadin Case Structure. Waɗanda ka tsara da kanka a fayil ɗin LabVIEW.ini suke zaune, kuma kowace siga da nata fayil. Ka sa sabuwar siga, ka ga sun ɓace, suna nan a tsohuwar. Ka rufe LabVIEW tukuna, ka kwafo layin QuickDropDiagramShortcuts zuwa sabon fayil. Ni ina ganin ajiye kwafin wannan fayil a filashi ya fi haddace gajerun hanyoyi hamsin amfani.

Kowa ya buɗe sabon zane yanzu, ya ajiye Add, akwatin tara lambobi, guda ɗaya, ya zaɓe shi, ya kira tagar, ya danna Ctrl da D. Wanda bai ga wuraren shigar da lamba biyu da na nuna amsa sun fito ba, ya ɗaga hannu in zo.