Balad: tsohon garin Jidda da alhazanmu ke wucewa ba su duba ba

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro. Sharhinmu na yau zai tsallaka da mu Bahar Maliya, zuwa wata unguwa da kusan duk alhajin Zazzau ya san sunanta, amma kaɗan ne suka san abin da ke cikinta. Idan aka ce Balad, abin da ke zuwa ran mutanenmu shi ne kasuwar tsaraba: jallabiya, dardumar salla, agogo, turare, zinari. A shiga da riyal, a fito da buhu, a koma mota. Alhali kuwa shagunan da ake cinikin suna jingine ne da gidajen da suka haura shekara 100, wasu ma fiye da haka nesa, a cikin garin da ya yi fiye da shekara 1,300 yana karɓar baƙin Allah daga teku.

A shekara ta 26 bayan Hijira, Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a madadin Shu'aiba. Tun daga nan duk wanda ya nufi aikin Hajji ta ruwa, daga Indiya ne, ko tsibirin Jawa na Indunusiya, ko Afirka, a nan yake sauka. Kakanninmu ma haka. Wanda ya tashi daga Zazzau ko Kano a wancan zamani sai ya bi ta Borno, ya ratsa Wadai da Darfur, ya yi noma ko ƙwadago a hanya don ya sami guzuri, ya kai Sawakin ko Fot Sudan, sannan ya hau jirgin ruwa. Tafiyar kan ci shekaru, wasu ba su dawo ba. Waɗanda suka tsallake lafiya, wannan unguwa ce farkon ƙasar Hijaz da suka taka. Ko don wannan kaɗai, ya kamata Bazazzagi ya ware mata rabin yini. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, da sunan Ƙofar Makka.

Abu na farko da ke ba baƙo mamaki shi ne ba zai ga teku a bakin gidajen ba. An cike gaɓar da ƙasa tun shekarun baya, an yi tituna da manyan gine-gine, ruwa ya ja da baya. Tashar jiragen ruwa ta yanzu wurin aiki ce, ba a shiga don kallo. Ganuwar ma babu ita. An gina ta ne a farkon ƙarni na 16, zamanin Sarkin Masar Kansuwa al-Guri, don tsoron Turawan Fotugal, waɗanda kuwa suka zo da jiragen yaƙi a 1517 suka koma ba su ci garin ba. A 1947 aka rushe ta don gari ya faɗaɗa. Ƙofofin da ake gani yau, irin su Bab Makka da Bab Jadid, sake gina su aka yi. Wanda ya san Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana, ya kuma san yadda ganuwar Zazzau ke zaizayewa shekara bayan shekara, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Yadda ya fi dacewa a zaga shi ne a shiga ta arewa, wato ta Bab Jadid, a gangara kudu da ƙafa. Mota ba ta da amfani a ciki, lungunan ƙanana ne, an kuma hana ta shiga wurare da dama. Tsohon garin unguwa huɗu ne: Sham a arewa, Mazlum a tsakiya ta gabas, Yaman a kudu, sai Bahar ta wajen teku. A unguwar Sham za a fara cin karo da dogayen gidajen attajirai. A nan ne ya kamata mutum ya tsaya, ya ɗaga kai, ya dubi gini da idon magini.

Dutsen da aka yi ginin da shi ba irin namu na Kufena ba ne. Dutsen murjani ne da ake haƙowa daga bakin teku, suna kiransa mangabi. Ba shi da nauyi, yana da ƙofofi kamar soso, ana iya sare shi da gatari. Da laka ake haɗa shi, a shafe shi da farar ƙasa. Tun da dutsen ba shi da ƙarfin ɗaukar hawa huɗu ko biyar shi kaɗai, sai magina suka riƙa shimfiɗa katako a kwance cikin bango, kusan duk bayan mita 1, tun daga ƙasa har sama. Waɗannan katakai, da suke kira takalil, su ke rarraba nauyi, su hana tsaga ta bi bango daga sama zuwa ƙasa. Suna da wani amfani kuma: idan dutsen ƙasa ya ruɓe, ana iya tokare katakon, a zare ruɓaɓɓen dutse a sa sabo, ba tare da an rushe abin da ke sama ba. Maginin da ya san aikin azara a soron ƙasa zai gane hikimar nan da kallo ɗaya.

Sai rawashin, waɗanda su ne adon Jidda. Tagogi ne na katako da suka turo waje daga jikin bango, an sassaƙa su da ƙananan ramuka, wasu sun taso tun daga hawa na farko har ƙololuwa. Katakon daga Indiya da Jawa jiragen ruwa ke kawo shi, don irinsa ne ke jure danshin teku. Aikinsu uku ne. Suna tare rana kada ta bugi bango. Suna barin iskar teku ta ratsa ɗaki, har akan ajiye tulunan ruwa a jikinsu su yi sanyi. Sannan matan gida suna ganin abin da ke faruwa a titi, na titi ba ya ganinsu. Yawancin manyan gidajen da suka rage an gina su ne bayan buɗe mashigin ruwa na Suwes a 1869, lokacin da jiragen ruwa masu inji suka yawaita, kuɗi suka shigo garin.

Daga nan a nufi Masallacin Shafi'i a unguwar Mazlum, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a garin, wanda hasumiyarsa ta kai shekara ɗaruruwa. Har yau ana salla a ciki, don haka a daidaita tafiya ta yadda Magariba za ta riski mutum a wurin. Akwai kuma ƙaramin Masallacin Usmanu ɗan Affan, wanda ake yi wa laƙabi da masallacin abanus saboda ginshiƙai biyu na wani baƙin katako dangin kanya da aka san shi da su.

Kasuwar Alawi ita ce ta ratsa tsakiyar garin, ta nufi Bab Makka, inda ayarin raƙuman alhazai ke fita a da. A kanta Gidan Nasif yake, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881. A cikinsa Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi Jidda a 1925. Matattakalarsa tana da faɗi, hawanta kuma a kwance yake, har ana cewa raƙumi kan hau da kaya zuwa sama. A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiyar darbejiya, irin wadda ta cika titunan Tudun Wada da Samaru ba mai kallonta. A Jidda ta wancan lokaci, inda ruwan sha ma wahala yake, itace abin mamaki ne, har gidan ya yi suna da gida mai bishiya. Ba kullum ake buɗe gidajen tarihin ba, wasu ana gyaransu, wasu sai da tikiti, saboda haka a tambaya a ofishin baƙi tun da farko kada a yi tafiyar banza.

Maganar gyara kuwa, a nan ne darasin yake ga masu tsofaffin gidaje a cikin birnin Zazzau. Abin da ya fi kashe gidajen Balad shi ne ruwa da gishiri. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a bakin teku yana kusa, kuma yana da gishiri. Dutsen na tsotse shi ya hau bango. Muddin farar ƙasa ce a jiki, danshin na fita, gishirin ya tsaya a kan shafen, a kankare a sake. Da aka fara shafe bango da siminti, sai danshi ya rasa hanyar fita, gishiri ya taru a ciki, ya cinye dutsen, ya ruɓar da katakon, bango ya yi kyau a ido alhali cikinsa gari ne. Aka ƙara da na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigar ruwa a jikin gini, da bututun ruwa masu yoyo, da wayoyin lantarki barkatai da suka jawo gobara. Masu gidajen sun koma sababbin unguwanni sun bar 'yan haya, ba mai gyara. A 2019 gwamnatin Saudiyya ta ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56, kuma masu gyaran sun koma ga farar ƙasa da katako. Ciwon nan shi ne ke kama katangar tubali idan aka yi mata siminti a maimakon yaɓe da makuba, aka kuma bar indararo ya toshe. Mu da muke da Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, da sashen nazarin gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, bai kamata wannan ilimi ya zama baƙo a wurinmu ba.

To, yaushe za a je? Bayan La'asar. Da rana zafin Jidda ba irin namu ba ne, zafi ne mai danshi, gumi ba ya bushewa, tsoho kan galabaita cikin minti kaɗan. Shaguna da yawa ma a rufe suke tsakanin Azahar da La'asar, haka kuma safiyar Juma'a. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne yanayi ya fi sauƙi. Masu Umrar azumi su ne suka fi kowa sa'a, don bayan Tarawihi unguwar kan cika da fitilu da masu sayar da soyayyiyar hanta da balila, wato wani dafaffen wake irin nasu, har kusan sahur. Awa 3 zuwa 4 sun isa zagaye mai kyau. A sa takalmi mai taushi, a riƙe ruwa, a bar jakar kaya a masauki. Wanda zai zo daga Makka, tafiyar kusan kilomita 80 ce. Jirgin ƙasa na Haramain, da ya fara aiki a 2018, yana tsayawa a tashar Sulaimaniyya, daga nan sai a ɗauki tasi. A sayi tikitin zuwa da dawowa tun da wuri, don a lokacin cunkoso kujeru na ƙarewa.

Alhaji mai bizar Hajji kada ya fita daga Makka ba tare da sanin jami'an da ke kula da ayarinsa ba, kuma ya riƙe katin shaidarsa a jiki, domin akwai shingayen bincike a hanya. Wanda bai yi ɗawafin bankwana ba, sai ya fara tambayar malamin ayari hukuncin fitarsa. Game da hoto, gini a ɗauka yadda ake so, amma ɗaukar mutane, musamman mata, ba da izininsu ba laifi ne a dokar ƙasar. Kada a jingina da bangon da aka kewaye da ƙarafa, kada a shiga gidan da aka rufe. An rufe shi ne don yana iya ruftawa.

Akwai maƙabartar da ake kira ta Hauwa'u a gefen tsohon garin, wadda wasu ke cewa daga ita sunan Jidda ya samo asali, wato kaka. Babu ingantacciyar hujja a kan cewa nan kabarin uwarmu Hauwa'u yake, an kuma daɗe da rushe ginin da ke kansa. Ba wurin neman tabarruki ba ne, kada wani ɗan rakiya ya karɓi kuɗin mutum da wannan sunan.

Tsaraba kuwa a bar ta sai ƙarshe, bayan an gama kallo, don wanda ya ɗauki kaya a ka ba ya ɗaga kai. A tsallaka titin Zahab zuwa layin Gabil da kasuwar Nada. Zinari da giram ake sayar da shi, farashin yini a fili yake, abin da ake ciniki a kai shi ne kuɗin aiki. A duba lambar karat a jikinsa, ko 18 ne ko 21, a karɓi rasit mai nuna nauyi. Itacen turaren ud a nemi a ƙona ɗan guntu a gaban mutum: na gaske ƙamshinsa na daɗewa yana kuma tsattsafo da mai, wanda aka jiƙa da turare kuwa minti kaɗan sai ya koma warin itace. Wanda jirginsa zai tashi a daren, ya tuna filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana can arewacin gari, titunan Jidda kuma kan cushe bayan Isha'i. Ya baro Balad da sauran lokaci mai yawa a hannunsa, ya kuma auna kayansa kafin ya isa filin, don abin da ya haura nauyin da kamfanin jirgi ya yarda da shi, ko a biya kuɗinsa ko a bar shi a can.