Guguwar farkon damina da asarar da ba ta shiga takarda

Jama'a masu sauraronmu, assalamu alaikum.

Daga watan Mayu zuwa Yuli, duk wanda ya tashi a ƙasar Damagaram ya san yadda guguwar farkon damina take zuwa. Da la'asar gabas ta haɗa baƙi, zafi ya tsaya cak, sai jar ƙura ta taso ta rufe rana. Wannan iska da ke gaban hadari ita ce mai ɓarnar. Sanyin ruwa ne ke ingizo ta daga cikin gajimare, ta faɗo ƙasa da nauyi, ta bazu, wani lokaci gudunta ya kai kilomita 100 a awa. A Amurka guguwar mai murɗawa ce, ana ƙirga fiye da 1,000 a shekara, har da jiniyar gargaɗi a garuruwa. Tamu yawanci miƙewa take yi daga gabas zuwa yamma, kuma a ƙauye babu mai busa wa kowa jiniya.

Idan gari ya waye, wakilan hukuma kan zo da takarda. Ɗakuna nawa suka faɗi, kwano nawa ya tashi, mutum nawa suka ji rauni. Daga baya a kawo hatsi da tabarmi da bargo. Madalla, Allah ya saka da alheri. Amma akwai asarar da ba kasafai take shiga wannan takarda ba, kuma ita ce ta fi daɗewa a jikin manomi.

Ku duba gona. Wanda ya yi binne, ko ya yi shuka da ruwan farko, hatsinsa bai fi yatsa tsawo ba lokacin da iskar ke zuwa. Rairayin da take ɗaukowa yana yanke ganyen, ko ya rufe tsiron gaba ɗaya. Dole a sake shuka. Da wane iri? Wanda aka ɓoye tun kaka ya riga ya shiga ƙasa, rumbun ma wataƙila iska ta yaye masa kai ruwa ya jiƙa ɗan abin da ya rage. Sai mutum ya nufi kasuwa a daidai lokacin da tiyar hatsi ta fi tsada, ya sayi irin da bai san asalinsa ba, ya shuka a makare.

Sai kuma itatuwa, kuma nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Bayan farin 1984, manoman Magarya da Matamaye da Mirya sun koma barin tohon da ke fitowa a gonakinsu, suna gyara shi, suna kare shi daga gatari da bakin akuya. Sassaben zamani ke nan. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya ƙasarmu Nijar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, kuma gawon kudancin Damagaram na cikin abin da ake nuna wa duniya. Gawo yana kaɗe ganye da damina, don haka ba ya danne hatsi da inuwa, yana ƙara wa ƙasa taki, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne a tsakiyar rani. Kukar da ke bayan gida miyar shekara ce, kuma kuɗin kashewar uwargida. Ɗakin da ya faɗi ana iya tada shi kafin kaka idan an samu gayya. Gawon da kaka ya bari, idan ya kwanta, sai jikoki. Wace takarda ce ke rubuta wannan?

Ina roƙon ma'aikatan gandun daji su riƙa bin ayarin masu ƙirga ɓarna, su rubuta itatuwan da suka faɗi, su kuma bar wa mai gona itacensa ba tare da ja-in-ja ba. Mutumin da ya yi shekaru yana renon itace, idan ya ga ranar da ya faɗi sai ya nemi izini kafin ya taɓa shi, gobe ba zai bar toho ba.

Mu ma akwai namu. Kwanon da aka kafa da ƴan ƙusoshi a kan ruɓaɓɓen katako, aka ɗora masa duwatsu, idan ya tashi yana iya yanka mutum. A ɗaure rufi da waya har cikin bango. A rage wa dogon yaro manyan rassan da suka rufa kan ɗaki tun a watan Afrilu. Kada a kwashe kara kaf daga gona, domin shi ke riƙe rairayi. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska, manoman wurin sun ga bambanci a amfaninsu.

Ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa tana fitar da bayani, cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da noma ma a Yamai take. Hadarin da zai iso Mirya da magariba, ana ganin tahowarsa daga gabas da sauran lokaci. A miƙo wannan labari ga gidajen rediyo da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Tamashek, mu kuma mu katse shiri mu faɗa, don a kira yara daga kiwo, a kwance dabbobi daga gindin itace, a fitar da tsofaffi daga ɗakin da bangonsa ya tsage.