Abin da ke kashe giya a ƙafar jirgin ruwa mai gudu

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Ku matso gaba, akwai kujeru, kuma akwai ƙarafan da zan miƙa muku ku taɓa da hannunku.

Abubuwa biyar na zo da su waɗanda ke kashe giya, wato ƙarafan nan masu haƙora da ke juya juna, a ƙafar jirgi. Idan na ce ƙafa, ina nufin abin nan da ke juya farfela, wanda ke rataye a bangon baya, daga waje, a jirgin da injinsa ke ciki. Kamfanin Volvo Penta ne ya fara fito da ita kasuwa a 1959 da sunan Aquamatic, bisa aikin wani injiniya Ba'amurke, Jim Wynne, sannan MerCruiser ta biyo baya a 1961. Ƙarfi yana fitowa daga inji a miƙe, ya ratsa bangon baya ta gwiwar ƙarfen nan da muke kira kuros, ya iske giyar sama, ta karya shi ya gangara ƙasa, giyar ƙasa ta sake karya shi ya nufi farfela. Lanƙwasa biyu kenan, kuma a kowace lanƙwasa haƙori ne ke tura haƙori. Duk ƙarfin dokin da kuke alfahari da shi, ta kan 'yan haƙoran nan yake bi, a wurin da bai kai faɗin farcenka ba.

Ku yi lissafi tare da ni. Inji na juyi 4,500 a minti ɗaya, wato sau 75 a daƙiƙa. Kowane haƙori na giyar da ke kan sandar inji yana shan matsa sau 270,000 a awa guda. A awa 100, sau miliyan 27. Me ya hana ƙarfen nan narkewa? Mai. Ɗan siririn mai da ya fi gashin kai siranta, shi ke shiga tsakani.

To na farko, ruwa a cikin mai. A nan zan daɗe, ku yi haƙuri da ni, don yawancin ƙafafun da suka mutu a gabana nan suka fara ciwo.

Karɓi wannan, Malam, ka duba ka miƙa baya. A hankali, bakinsa da kaifi. Kun ga 'yan ramukan nan a fuskar haƙorin, kamar zanzana? Sa farce ka ji. Fatar haƙorin giya an gasa ta ta yi tauri, cikinsa kuwa yana da ɗan laushi don kada ya tsage. Idan ruwa ya gauraya da mai, man ba ya iya riƙe nauyi, ƙarfe ya fara gogar ƙarfe. Jirgi ya kwana biyu a ajiye, tsatsa ta ɗiga a kan haƙori da kan boris. Kowane ɗigon tsatsa rami ne gobe. Ramin ya faɗaɗa, fatar nan mai tauri ta fara ɓarewa, ɓarɓashin ya shiga mai ya zagaya, ya ci boris. Boris ya yi sako-sako, giya ta goce daga mazauninta, nauyin da ya kamata haƙori ya ɗauka da dukkan fuskarsa ya koma gefe guda. Ran nan kana tsakiyar ruwa sai ka ji ƙas! Mai jirgi ya ce ai lafiya lau take jiya. Ba lafiya take ba, ta yi wata da watanni tana ciwo, ba wanda ya tambaye ta.

Ta ina ruwan ke shiga? Wani ya taɓa kawo mini ƙafa, yana rantsuwa bai daki komai ba, kuma gaskiyarsa, bai daki komai ba. Na kwance farfela, sai ga zaren fatsa ya nannaɗe a bayanta, zafi ya narkar da shi ya zama kamar zoben roba mai tauri. Na sa tsinke na ɓamɓare shi, na ga ya yanka leɓen sil ɗin, wato robar da ke hana ruwa shiga da mai fita, kamar da reza. Zaren da ba ka ko ganinsa a ruwa, shi ya cinye giya sukutum. Har yau in na tuna abin yana yi mini ciwo, don aikin minti goma ne da zai cece ta. Cire farfela, duba bayanta, shafa giris a sandar, mayar. Shi kenan fa.

Sai wasar nan 'yar mitsitsiya, wato ɗan zoben da ke jikin kusar zubar da mai. Mutum ya canja mai tsaf, ya mayar da tsohuwar wasa da ta riga ta tauye. Don Allah duk lokacin da ka kwance kusar nan, sa sabuwa. Kuma akwai abin da mutane ba su lura da shi ba: ƙafa tana numfashi. In ta yi zafi, mai da iskar ciki su kumbura su turo waje. Ka tsaya, ruwan sanyi ya rufe ta, ciki ya tsuke, sai ta zuƙo. In sil ya gaji, abin da za ta zuƙo ruwa ne. Shi ya sa gwaji iri biyu ake yi wa ƙafa bayan an zubar da mai: a hura mata iska kaɗan da famfo a ga ko allura za ta sauka, sannan a zuƙe iskar a ga ko za ta riƙe. Sil yana iya riƙe turi ya kasa riƙe zuƙa. Wanda ya yi gwaji ɗaya ya bar ɗaya, rabin aiki ya yi.

Mai yana magana, jama'a. Ku riƙe wannan ko da kun manta sauran. Ka bar ƙafar ta kwana a tsaye, da safe ka ɗan sassauta kusar ƙasa, ka tara farin mazubi. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka in akwai shi da yawa shi zai fara ɗigowa. In man ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya gauraya. In ya fito baƙi yana warin ƙuna, zafi ya dafa shi. In ka kai shi rana ka ga yana walƙiya, ƙarfe ne a ciki. Sannan ka duba kan kusar, yawancinsu da maganaɗisu. Ɗan laushin gari baƙi wanda in ka murza a yatsa ba ka jin komai, wannan cin yau da kullum ne. Amma in ka murza ka ji tsini, ko ka ga ɓallin ƙarfe, kada jirgin nan ya sake taɓa ruwa sai an buɗe. Mai yana magana. Na san na faɗa, zan kuma.

Wani zai ce yaushe ake canjawa? Awa 100 ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa, kuma kafin a ajiye jirgi na dogon lokaci, ba bayan an ɗauko shi ba. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa, ruwan da ya kwana a ciki yana zama ƙanƙara ya tsaga kaskon kansa. Kuma man giyar jirgi za ka sa, wanda aka yi shi don ya jure ɗan ruwa, irin wanda littafin ƙafarka ya ce.

Af, ɗurawa! Na kusa tsallake ta. Daga ƙasa ake ɗura mai, ba daga sama ba. Ka buɗe kusar sama, ka sa famfo a ramin ƙasa, ka tura har mai ya ɓullo ta sama. Ka rufe ta sama tukuna, sannan ka zare famfo ka rufe ta ƙasa da sauri. Wanda ya zuba ta sama iska za ta tare shi, ya zaci ta cika, alhali giyar sama a bushe take. Masu 'yar kwalbar mai a ɗakin inji, ku riƙa leƙa ta kafin kowace fita. Bayan canjin mai takan ɗan sauka sau ɗaya, iska ce ke fita. In ta ci gaba da sauka, mai na zurarewa wani wuri.

Lokaci na gudu. Na biyu zafi, kuma ya shafi giyar sama. In jirgi ya ɗaga yana sulɓi a kan ruwa, rabin ƙafar na sama yana fita waje, ba ruwan da ke sanyaya shi. Kun taɓa ganin farin gari-gari ya bushe a saman ƙafa? Ruwa ne ya fantsama ya ƙone a wurin. Masu doguwar tafiya da gudu suna ɗaura wani ɗan bututu da ke ɗebo ruwa daga ƙasa yana yi wa saman wanka. Yana taimakawa ƙwarai.

Na uku, hannun direba. Ga matasan can suna murmushi, sun san inda na dosa. (Dariya.) Jirgi ya hau igiyar ruwa ya yi tsalle, farfela ta fita iska, kai kuma totur na ƙarshe. Inji ya sami sauƙi ya zabura. Sai farfelar ta faɗo ruwa, ruwan da ya fi iska nauyi kusan sau 800, ya cafke ta wuf. Injin bai tsaya ba, farfela ta tsaya, wa ke tsakani? Haƙori. Guduma ce ka ɗaga ka maka masa. Shi ya sa a tseren teku ake ware mutum guda aikinsa totur kawai: jirgi na tashi ya ja baya, yana sauka ya mayar. Haka fizgar jirgi daga tsaye da totur gaba ɗaya, da mutane cike. Tura a hankali har ya ɗaga. Dukan dutse ko kututture ma nan ya shiga. In ka daki abu, ko farfela ba ta nuna komai ba, a auna sandarta, don 'yar lanƙwasa kaɗan ta isa ta cinye sil, mu koma maganar ruwa.

Na huɗu... ko na uku ne har yanzu? Duk hannu ne dai. Sa giya. Ƙafar Alpha ta MerCruiser a ƙasa take sa giya, da wani ƙarfe mai haƙora da ke cafkar giyar gaba ko ta ribas. Irin wannan ba ta son lallaɓawa. In kana turawa sannu-sannu kana jin kar-kar-kar, bakin haƙoran kake ci. Inji na sulo, ka tura kai tsaye. Bravo, ita ma ta MerCruiser, da na Volvo a sama suke sawa, da kuloci mai siffar mazurari, sun fi laushi, amma su ma kada a sa su inji na sama. Kebur da ya saki a gyara shi da wuri. Na biyar, kada a ɗora wa ƙafa abin da ya fi ƙarfinta. Alpha an yi ta don doki 300 ne ko ƙasa, Bravo One ta gama-gari wajen 400, Bravo XR mai ƙarin ƙarfi har 600. Ka ƙara wa inji ƙarfi ka bar tsohuwar ƙafa, ka san wanda zai biya. Farfela mai nauyi da ke hana inji kai juyinsa ita ma tana matse haƙori. Daidaiton inji da ƙafa, robar nan mai kama da zugazugi da ke rufe kuros, gudu da ƙafa a ɗage sosai, duk a duba su kowace shekara, ba zan samu shiga cikinsu ba yau.

Na'am, Alhaji, ga hannunka tun ɗazu.

(Tambaya daga cikin masu sauraro: idan giya ɗaya ce ta karye, abokiyarta kuma ba ta nuna komai ba, ba za a canja ɗayar kawai ba?)

Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe, ka kai ni kan abin da na so in rufe da shi. A'a. Giyoyin nan biyu-biyu ake yin su, kuma sun ci juna sun saba. Wadda kake gani lafiya ta sha duk dukan da ya karya 'yar uwarta, tana iya ɗauke da tsaga da ido ba ya gani. Ka haɗa ta da sabuwa, ka kashe sabuwar. A canja su tare, da boris ɗinsu, a wanke kasko da duk hanyoyin mai har sai ba ɓarɓashi ko ɗaya, har 'yar kwalbar nan da tiyonta.

Kuma sa sabuwar giya ba ɗaure noti ba ne kawai. Akwai 'yan siraran faranti da ake jerawa a bayan boris, wasu ba su fi takarda kauri ba. Da su ake saita zurfin da ƙaramar giya za ta shiga cikin babbar, da ɗan wasan da ke tsakanin haƙori da haƙori, da yadda boris zai matsu. Wasan ya yi kaɗan, mai ba zai sami wurin shiga ba, ta yi zafi tana kuka. Ya yi yawa, haƙori ya riƙa dukan haƙori. Ba a yin wannan da ido ko da jin hannu, sai da agogon awo da ma'aunin da kamfani ya yi wa wannan ƙafar. Ka tambayi mai gyaranka, cikin girmamawa, nawa ya samu da ya auna wasan. Mai aikin kirki zai ji daɗin tambayar, ya nuna maka lambar.

In an gama kuma, sabuwar giya tana son renon awa 10. Littafin MerCruiser ya ce kada a fizge ta daga tsaye, kada a daɗe a gudu ɗaya, kuma a awa biyar na farko kada totur ya wuce kashi uku cikin huɗu. Ni nakan ƙara da cewa bayan renon a zubar da man nan a duba maganaɗisu, a ga abin da sababbin haƙoran suka zubar.

Giyar da na miƙa tana hannun wa? Ku dawo da ita nan gaba. Mai son ganin zaren fatsar nan ya zo, na taho da shi a leda.