Daga Anini Zuwa Jaka: Lissafin Kuɗin Da Ya Ƙi Barin Bakinmu

Masu kallo, ku dubi wannan ɗan ƙarfen da kyau. Huda ce a tsakiyarsa, ga tauraro mai tsini shida, ga rubutun Larabci kusa da hudar. Wannan shi ne anini. Sai ka tara goma kafin su cika kwabo ɗaya.

Turawan Ingila ne suka fito da shi a 1907. Me ya kai su buga kuɗi ƙanƙane haka? Wuri suke so su kora daga kasuwa. Kakanninmu sun shekara ɗaruruwa suna ciniki da wuri, wanda asalinsa daga tekun Indiya yake zuwa. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, wuri 2,500 ake bayarwa a kan dalar azurfa guda. Wuri 20,000 kuwa shi ne keso ɗaya, kaya ne na ɗauka a ka. Amma duk nauyinsa, wuri yana da abin da sulen Bature ba shi da shi: da 'yan ƙwayoyi kaɗan mace za ta sayo gishiri da daddawa. Dole sai da aka samo kuɗin da zai sauko har wurin mai tallan ƙuli-ƙuli. Hudar nan kuma ta sa ana zura shi a zare a ɗaura a ƙugu.

Daga nan tsani ya hau. Kwabo da rabi, ahu. Kwabo 3, taro. Kwabo 6, sisi. Kwabo 12, sule. Sule 2, fataka. Sule 20, fam. Tsoffin da ba su taɓa zama a aji ba, da ka suke wannan lissafin, kuma ba a cutarsu ko da taro. Ni abin yana burge ni har gobe.

Ranar 1 ga Janairu, 1973, Najeriya ta ajiye fam ta ɗauki naira. Aka ce fam ɗaya naira 2 ne, sule ya koma kwabo 10, sisi kwabo 5. Gwamnati ta canja takarda, kasuwa ta ci gaba da lissafinta. Shi ya sa dattijo zai ce fam biyar, yana nufin naira 10. A da kuma ana ɗure sulalla na fam 100 a jaka guda, to fam 100 naira 200 ke nan. Don haka in ka ji dillali a kara ya ce jaka biyar, naira 1,000 yake faɗa.

Takardun ma sun samu sunayensu. Naira 20 ta fito a Fabrairun 1977, shekara guda bayan kisan Janar Murtala Muhammed, ita ce ta fara ɗaukar hoton ɗan ƙasa, kuma "Murtala" kawai ake ce mata. Ku juya bayan ta yanzu, Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. Naira 50 ta 1991 ta zama "Wazobiya". Sardauna ya hau naira 200 a 2000, naira 1,000 ta biyo a 2005. Rubutun ajami da ke faɗa wa mai karatun allo ko nawa ke hannunsa, an cire shi daga ƙananan takardu a 2007, kuma a ganina an rage wa jama'a abu mai amfani.

Yanzu mu tsallaka Maraɗi. A Nijar ba da sefa ɗaya-ɗaya ake ƙirga ba, da dala ake yi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Sunan ya samo asali daga waccan azurfa ta Sarauniya Mariya Taresa ta Ostiriya, wadda aka yi ta bugawa da shekarar 1780 a jikinta ko da an buga ta bayan shekaru ɗari. Mai shayi zai ce maka dala ashirin, ka duba ƙarfen ka ga an rubuta 100. Dala ɗari, sefa 500. Duk abin da aka faɗa maka, ka ninka shi sau biyar kafin ka sa hannu a aljihu. Jakarsu kuma, wadda suke ce wa jika, sefa 1,000 ce, ba 200 ba, saboda haka ɗan kasuwar da ya taso daga Jibiya gara ya tambaya tun kafin a ce "sallama".