Jawabin Maraba ga Mai Girma Sanata a Baturiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Sanata, ranka ya daɗe, a madadin hakimai da dagatai da iyayenmu malamai, muna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Alherinka ya riga ka isowa garin nan, ba sai mun tsaya lissafa shi ba. Kokenmu ɗaya ne, da shi za mu fara: tallafin karatu ga 'ya'yanmu da ke karanta ilimin tsirrai da na kare halittu a jami'a.

Ranka ya daɗe, wannan fadama da ta miƙe daga Haɗeja zuwa Nguru duniya ta san da ita. Tsuntsaye kan ƙetaro hamada daga Turai su yi hunturu a nan tare da ɗinya da kirinjijiya. A 1989 Yarima Philip na Ingila ya zo har Dagona, wata mafakar tsuntsaye a wannan fadama, don ya gan su. A 2008 aka sa Baturiya cikin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare dausayoyi masu muhimmanci. Amma in masu bincike suka zo, ɗan garin nan ne ke tuƙa kwalekwale, shi ke nuna bagaruwa da goruba, shi ke faɗin watan da kowace ke fure. Wani ke rubutawa, wani ke tafiya da digiri. Wannan abu yana ci mana rai.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya sauya hali. Kachalla, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, masunta sun rasa wurin jefa koma. Cikinta tsuntsun jan-baki ke kwana, da asuba ya sauka kan hatsi. Muna son masanan da za su tunkari kachalla su fito daga gidajen da ta talauta.

Yaran suna nan, ranka ya daɗe, a Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Bayero a Kano. Kuɗin rajista ke korar wasu. Wanda ya kai shekarar ƙarshe kuma sai ya shiga daji sau da yawa, ya tsinko ganye, ya danne shi tsakanin tsofaffin jaridu har ya bushe, sannan ya kai ɗakin gwaji. Kuɗin mota da na gwajin duk a wuyan uba suke, uban da kachalla ta riga ta karɓe wa gona.

Hanyarmu ma tana son gyara, amma yau ba ita muka sa gaba ba. Muna roƙon a ware gurabe kowace shekara domin 'ya'yan Kirikasamma da Guri, mata da maza, tallafin ya haɗa da rajista da kuɗin bincike, ya kuma fito kafin a rufe rajista. Sunayen ɗaliban na hannun sakataren kwamiti, za mu miƙa maka su yanzu.

Allah ya ƙara girma, ya mai da kai gida lafiya.