Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Gidan Mafakar Mata

Mai girma Minista, ranki ya daɗe, ke da 'yan tawagarki muna yi muku barka da zuwa, sannunku da hanya. A madadin ma'aikatan wannan gida da matan da ke zaune cikinsa da 'ya'yansu, ina miƙa godiya da kika tako da ƙafarki, ba aike kika yi ba. Gani ya kori ji.

Yawancin matan da za ki gaisa da su yau, gudun duka da cin zarafi a gidajensu suka yo, cikin dare suka iso, da goyo, da wani yaron a hannu, ko kayan canji babu. Wata ko katin shaidarta ba ta samu ɗaukowa ba. Kuma ba su kaɗai ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi na lalata. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna a 2023 mata da 'yan mata kimanin 51,100 ne a duniya suka mutu a hannun abokan zamansu ko danginsu, wato 140 kowace rana. Lokacin da mace ta ɗaura aniyar barin mai cin zarafinta kuwa, haɗarin ƙaruwa yake yi.

Tun da aka buɗe gidan mafaka na Chiswick a Landan a 1971, an gane amfanin irin waɗannan gidaje, har a Turai aka sa ma'auni: wurin iyali ɗaya ga kowane mutum 10,000. Amma ranki ya daɗe, gadon da muke bayarwa na 'yan watanni ne. Abin da ke hana ni barci shi ne ranar fita. Macen da aka hana ta sana'a shekara da shekaru, aka raba ta da danginta, gidan da ta baro kuma ba da sunanta yake ba, da me za ta kama haya? Masu gidaje da yawa, da sun ga mace ita kaɗai da yara, sai su ce an riga an kama ɗakin. Nan ne za ki ji ta ce, “To ina zan je da yaran nan?” Na ga matan da raunukansu suka warke a nan, rashin muhalli ya mayar da su hannun wanda ya ji musu raunin.

Roƙonmu shi ne a ware wa irin waɗannan mata kaso cikin gidajen da gwamnati ke ginawa, a kuma tallafa musu da kuɗin hayar farko, kowace ta riƙe makullin ɗakinta. Suna buƙatar lauya, da mai kwantar musu da hankali, da makarantar da za ta karɓi yaran ko a tsakiyar zango.

Yanzu za mu zagaya da ke. Muna roƙon 'yan jarida kada a ɗauki fuskar kowa, kada kuma a faɗi inda gidan nan yake, domin akwai waɗanda har yau ana nemansu. Bismillah, ranki ya daɗe.