Kocinmu ya ɗauki kofi ya tattara komatsansa

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da wannan gurnanin da kuke ji, hitar mota ce, in na kashe ta yatsuna ba za su iya riƙe wayar ba. Masu tambayar biza ku dakata sai mako mai zuwa, masu jiran in nuna muku shagon da nake sayen garin tuwo ku ma ku yi haƙuri. Yau haushi ne ya sa na kunna kyamara.

Kun ga wannan hular mai harafin M? Dala 35 na saye ta, ni da ko hular Barcelona ban taɓa saya ba a rayuwata. Makonni uku ke nan ina yawo da ita a garin nan na Ann Arbor ina fankama kamar ni na buga wasan. Ranar 8 ga Janairun nan na 2024 ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Mishigan ta lallasa ta Jami'ar Washington da ci 34 da 13 a Houston, ta ɗauki kofin jami'o'in Amurka baki ɗaya. Wasa 15 aka buga a kakar, 15 ɗin duka muka cinye. Eh, "muka" na ce, ku bar ni. Ranar Asabar da ta biyo baya aka yi fareti a cikin gari, na tsaya a bakin titi cikin wani irin sanyi da sai da na daina jin kunnuwana, ina ihu tare da mutanen da ban san su ba. To ranar 24 ga wata, kwana goma sha shida kacal bayan kofin, ina tsaka da cin abinci waya ta yi ƙara: Jim Harbaugh, kocinmu, ya karɓi aikin Los Angeles Chargers. Ya tafi NFL, gasar ƙwararru. Wallahi cokalin ajiye shi na yi.

Bari in yi wa waɗanda ke gida bayani, don na san wani zai rubuto ya ce wasan 'yan makaranta ne kake wannan kumfar baki a kai? Malam, ba irin gasar azuzuwa ba ce. Wannan ƙwallon tasu ce ta hannu, mai siffar gwanda, wadda ake sa kwalkwali ana karo kamar raguna. Filin jami'ar nan yana ɗaukar mutum 107,601, babu filin da ya kai shi girma a duk Amurka, kuma na makaranta ne. Ku tuna ranar da Pillars ke karɓar Enyimba a filin Sani Abacha, yadda Ƙofar Mata ke cushewa, to ku ninka wannan har sai kun gaji. Ranar wasa mutanen unguwa na mayar da ciyawar ƙofar gidansu wurin ajiye motoci, dala 40 na taɓa biya don kawai motata ta tsaya, tikitin kuwa ba zan faɗa ba saboda Hajiyarmu na kallon tashar nan.

Wanda ya jefa ni cikin harkar nan wani dattijo ne maƙwabcina, Bature, ya haura saba'in, Baba nake ce masa kuma ya saba. Tun yana saurayi yake da kujerarsa a filin. Shi ya zaunar da ni ya koya min dokokin wasan da gwangwanayen lemo a kan tebur. Shi ya ba ni labarin Bo Schembechler, tsohon kocin da suke ɗauka kamar waliyyi a garin nan, wanda ya kafa musu taken da har yau ake rubutawa a jikin riguna, cewa waɗanda suka tsaya su ne za su zama zakaru. Waɗanda suka tsaya fa. Kuma a 1989, lokacin Bo na shugaban wasannin jami'ar, kocin ƙwallon kwando Bill Frieder ya karɓi aiki a Arizona State ana gab da shiga gasar ƙarshe, yana nufin ya ƙarasa kakar tukuna. Bo ya ce a'a, kama hanya yanzu, ɗan Mishigan ne zai horar da Mishigan. Mataimakinsa Steve Fisher ya karɓa, kuma suka ɗauki kofin. Da irin wannan tarbiyya aka reni mutanen garin nan. Shi kuwa Harbaugh ɗan gida ne na haƙiƙa, a hannun Bo ɗin ya yi wasa, mahaifinsa ma ya yi aiki ƙarƙashin Bo. Shi ya sa abin ya yi min zafi.

Ba yau ya fara leƙen waje ba. A Fabrairun 2022 ya tashi takanas ya je Minnesota ganawa da ƙungiyar Vikings ta NFL, a daidai ranar da yara ke sa hannu kan takardun shiga jami'o'i. Abin bai yiwu ba, ya dawo ya ce wa shugabansa wannan ba zai riƙa faruwa duk shekara ba, sau ɗaya ne. Shekara na zagayowa sai ga shi yana magana da Denver Broncos. Ta uku ta tafi da shi. Rahotanni na cewa shekara biyar ya sa hannu, dala miliyan 16 duk shekara. Kada ma ku ɗauko kalkuleta ku mayar naira, hawan jini za ku jawo wa kanku.

Na je wurin Baba da daddare a fusace, ina zaton zan tarar ya sauke tutar da ke ƙofar gidansa. Na same shi yana kallon labarai hankali kwance. Na ce Baba wannan ai cin amana ne. Sai ya yi dariya ya fara jero min tarihi. Wai ni sabon shiga ne, ban ga komai ba.

Nick Saban, wanda ya yi ritaya a Janairun 2024 bayan kofi bakwai, ya bar jami'ar LSU ya koma Miami Dolphins ta NFL a ƙarshen 2004. A Disambar 2006 'yan jarida suka dame shi da tambaya, ya dube su ya ce ba zai zama kocin jami'ar Alabama ba. Ko mako biyu ba a cika ba ya sauka a Alabama. Yau mutum-mutuminsa na tsaye a ƙofar filinsu. Pete Carroll ya bar jami'ar USC ya tafi Seattle ta NFL a Janairun 2010, watanni biyar bayan nan hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta sauke wa makarantar hukunci, aka hana ta wasannin ƙarshen kaka na shekara biyu, aka zabge mata guraben karatu kyauta 30. Yaran da ke sakandare lokacin da aka yi laifin su suka ɗanɗana kuɗarsu, shi kuwa ya je ya ɗauki Super Bowl, babban kofin NFL. Amma gwarzon su duka shi ne Bobby Petrino. Ya sa hannu kan kwantiragin shekara goma da jami'ar Louisville a 2006, wata shida bai wuce ba ya tsallaka Atlanta Falcons ta NFL. Can ma wasa 13 ya yi, aka ci shi goma, sai ya bar wa 'yan wasansa 'yar takarda a ma'ajiyar kayansu, ya hau jirgi zuwa Arkansas. Takarda fa, jama'a. Ko mai shayin bakin layinmu in zai tashi yana yi wa mutane sallama da baki.

Abin da ya tsaya min a wuya shi ne yaran. Su waɗannan kociyoyin har falon gida suke zuwa, su zauna gaban uwa, su ci abincinta, su ce ki ba ni ɗanki zan riƙe shi kamar nawa. Harbaugh ɗin nan a 2016 har kwana ya taɓa yi a gidan wani yaro don ya shawo kansa. Ku da kuka san yadda uwa ke damƙa yaro a hannun malami ta ce ga amana nan, kun san nauyin maganar. A Disamban da ya wuce yara suka sa hannu za su zo Mishigan, kafin su gama sanin hanyar aji wanda ya kira su ya koma Kalifoniya shan rana. Kuma shekara da shekaru, kafin 2021, doka ita ce yaron da ya sauya makaranta sai ya zauna kaka guda ba wasa, koci kuwa washegari yana bakin aiki a sabon wuri. Sai a Yulin 2021 aka fara barin yara su sami kuɗi da sunansu da hotonsu. Kafin nan mutum dubu ɗari na biyan tikiti, yaron da ake fasa wa gwiwa ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ku tuna David Ojabo, ɗan Najeriya da ya tashi a Sukotland, ya haskaka a nan a 2021. Ranar da yake gwaji gaban masu zaɓe na NFL jijiyar agararsa ta tsinke, nan take darajarsa ta faɗo zuwa zagaye na biyu na zaɓen 'yan wasa. Haka rayuwar yaran take, taku ɗaya.

Sai dai Baba ya tuna min wani abu da na so in manta. Bayan kakar 2020, da aka ci Mishigan wasa huɗu cikin shida, jami'ar rage wa Harbaugh albashi ta yi, kusan rabi. Mutanen da ke kuka yau su ne ke kiran rediyo lokacin suna cewa a kore shi, ya kasa cin Ohio State, babbar abokiyar hamayyarsu. Ya haɗiye, ya zauna, ya ci Ohio State sau uku a jere, ya kawo kofin da rabon garin da shi tun 1997. Kuma kowa ya san ƙaiƙayin da ke ransa: a 2013 ya kai San Francisco wasan Super Bowl, yayansa John uwa ɗaya uba ɗaya ya doke shi da Baltimore. Wanda ke da yaya ya san wannan ba ya wucewa. Ga binciken NCAA da ke bin sa a baya a lokacin, a kakar 2023 kaɗai wasa shida ya yi a dakace. A yi masa adalci kuma, yana cikin kociyoyin da suka fito fili suka ce a riƙa raba kuɗin talabijin da yaran.

Daga nan dattijon nan ya juyo ya tambaye ni, kai me kake yi a ƙasarku kafin ka zo? Na yi shiru. Yawancinku ba ku sani ba, malamin lissafi ne ni a wata sakandare. Ina da 'yan ajin ƙarshe, na sha gaya musu ina tare da su har su gama jarrabawa. Biza ta fito saura wata uku a fara. Ban bar takarda a loka ba, na dai shiga aji na yi musu sallama, wata yarinya a layin gaba ta ce Malam ai ka yi alkawari. Na ce za a kawo wanda ya fi ni. Ba a kawo kowa ba sai bayan jarrabawar, daga baya na ji. Laifi tudu ne. Ni ko dala miliyan 16 ba a ba ni ba, aikin dare na zo na tarar da haya dala 1,100. Har yanzu ina jin haushin Harbaugh, kada ku ɗauka na huce, amma daren nan ban yi barcin kirki ba, kuma ba shi nake tunani ba.

Gargaɗina ga 'yan uwa da ke nan masu yara ƙarfafa, don na ga yaranmu na Columbus da Bronx da Houston sun fara shiga harkar: in koci ya zo falonka yana murmushi, ka ba shi shayi, amma ka tambayi abin da yaron zai karanta, da abin da zai faru da gurbin karatunsa in ya ji rauni ko kocin ya tafi, kuma a nuna maka a rubuce. Ka zaɓi makarantar da yaron zai iya zama ko da mutumin nan ya ɓace gobe. Sannan kada ka sayi riga mai sunan mutum a baya, ka sayi mai harafin makaranta kawai, ni Allah ya taimake ni hula na saya. Na ƙarshe, in ka shigo garin nan ƙarshen Nuwamba kada ka kuskura ka sa jan kaya, kalar Ohio State ce. Na taɓa fita da jar dara ranar Juma'a ana gobe wasa, har na dawo daga masallaci ana danna min hon ban san dalili ba.

A Janairun 2024 aka ba Sherrone Moore kujerar kocin, shi ya riƙe ƙungiyar lokacin da aka dakatar da maigidan har ya ci Ohio State. Baba ya ce kujerar da ke kusa da tasa a filin za ta samu a kaka mai zuwa in ina so. Na ce masa zan yi tunani, amma tsakanina da ku na riga na fara tara kuɗin. Man motata ya kusa ƙarewa saboda hitar nan, bari in gangara gidan mai kafin ta mutu a kan ƙanƙara. Sai mun haɗu.